Na tsaya a aji uku, yanzu ina aiki: ta ina zan bi in ƙarasa digiri a fannin halayyar ɗan Adam?

Maman Ilham

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar jami'a ciki da bai. Na shiga ta aji ɗaya ina karanta Sosholoji, na kai ƙarshen zangon farko na aji uku na tsaya, shekara uku ke nan, kuma ban rubuta takardar jingine karatu ba. CGPA ɗin da na bari, wato matsakaicin makina gaba ɗaya, 2.20 ne, da kariyoba biyu, wato kwasa-kwasan da na faɗi sai na sake, ɗaya a ƙididdiga. Ina da diflomar ND, da ita nake aiki a wata ma'aikatar jiha, mataki na 06, takwas na safe zuwa huɗu na yamma. Tambayoyina: in nemi komawa inda na tsaya, ko in sake sabon lale ta karatu daga nesa? Kwas nawa mai aiki zai iya ɗauka a zango? Kuma in zan sake, Sosholojin zan ci gaba da shi ko in koma Saikoloji? Furojet ne ya fi ba ni tsoro. Na gode.

Abu Sumayya

Wa alaikumus salam, Hajiya. Kafin ki yanke komai, ki fara sanin matsayin sunanki a tsohuwar makarantar. Ki je wurin jami'in jarrabawa na sashenku da lambar rajistarki, ya duba miki ko Majalisar Jami'a ta riga ta sa ki cikin waɗanda suka janye da kansu. A yawancin jami'o'inmu, wanda ya daina rajista ba tare da izini ba, bayan wasu zanguna a jere ana ɗauka ya bar karatu ne. Sannan akwai iyakar shekaru: digirin shekara huɗu, ga ɗalibin cikakken lokaci, ba ya wuce shekara shida. Kin ci biyu da rabi, kin yi uku a gida, biyar da rabi ke nan, ga zango uku na jiran ki. Lissafin ba zai fita ba sai in Majalisa ta yarda ta yafe shekarun da kika yi a waje. Ana rubuta wannan roƙon ta hannun shugaban sashe, ya wuce wa shugaban tsangaya, sannan ya kai gaba, kuma ana son hujja a rubuce, kamar takardar asibiti. Wani lokaci a yarda, sau da yawa a ƙi.

To ko da an yarda, ki yi wannan lissafin tukuna. A tsarin maki biyar, A na da 5, B 4, C 3, D 2, E 1, F babu komai. Ana ninka makin kowane kwas da yunit ɗinsa, a tara, a raba da jimillar yunit ɗin da kika yi wa rajista. Mu ɗauka kin yi rajistar yunit 90 zuwa yanzu. 2.20 sau 90 ya ba da maki 198. Mu ce saura yunit 54, jimilla 144. Don ki kai 2.40, wato ƙofar digiri mai daraja ta biyu ƙasa, kina buƙatar maki 346, ki cire 198, saura 148 a cikin yunit 54. Kusan C a kowane kwas ke nan, mai yiwuwa ne. Amma daraja ta biyu sama, wadda ke farawa daga 3.50, ta kuɓuce: ko A kika ci a duk abin da ya rage, a 3.25 za ki tsaya.

Abin da ke cin mutane a kariyoba shi ne F ɗin ba ya goguwa. Kwas mai yunit 3 da kika faɗi, kika sake kika ci B, a takarda yunit 6 kika ɗauka kika samu maki 12, kamar kin ci D sau biyu.

Idan kuwa kika shiga sabuwar jami'a kai tsaye aji biyu da ND ɗinki, CGPA daga sifiri zai fara, kuma mafi yawan kwasa-kwasan aji biyu kin taɓa zama a kansu. Ƙa'idar Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ita ce aƙalla yunit 120 ga wanda ya shiga ta aji ɗaya, 90 ga wanda ya shiga ta aji biyu. Shekara uku a takarda, mai aiki ya sa ran huɗu. Kada ki dogara da cewa za a ɗauke miki makin tsohuwar makaranta a kai sabuwa. Canjin jami'a na wanda sunansa ke raye ne kuma makinsa ke da kyau, ba a kuma karɓar mutum a ajin ƙarshe. Ƙari a kan haka, manhajar ta canza: NUC ta fito da sabon tsari mai suna CCMAS a ƙarshen 2022, kashi 70 na kwasa-kwasan daga hukumar, kashi 30 daga jami'a, don haka lambobi da sunayen wasu kwasa-kwasan da kika sani ba su ne yanzu ba.

A ganina, sabon lale ya fi miki. Ki dai tabbatar kina da kiredit biyar har da Turanci da Lissafi a zama bai wuce biyu ba, kuma ki duba darajar ND da suke karɓa, don wasu ba sa karɓar fas.

Hajiya Uwani

Ƙanwata, abin da Malam Abu Sumayya ya faɗa daidai ne, amma akwai takarda ɗaya da ta riga duk wannan: izinin wurin aiki. Ki rubuta neman izinin ƙaro karatu ta hannun shugaban sashenki kafin ki biya ko sisi, ki haɗa da takardar samun gurbi idan ta fito, ki karɓi amincewar a rubuce, ki tabbatar kwafi ya shiga fayil ɗinki na ofis da na ofishin shugaban ma'aikata. Ma'aikata da yawa sun gama digiri sun kawo, aka ce ba a san da karatun ba, takardar ta zauna a fayil ba ta motsa su ko mataki ɗaya ba. Digiri na kai mutum layin manyan jami'ai, wanda ke farawa daga mataki na 08, amma sauya layin ba ya zuwa da kansa: sai an nema, sai akwai gurbi, sai kuma fannin da aka karanta ya dace da layin. Saboda haka ki tambayi sashen mulki tun yanzu wane layi Sosholoji ke shiga a ma'aikatarku, walwalar jama'a ne, ko mulki, ko tsare-tsare.

Batun yawan kwas. Yunit ɗaya na nufin awa ɗaya ta lakca kowane mako har tsawon mako 15, kuma abin da aka saba cewa shi ne kowace awa ta lakca tana son kamar awa biyu na karatun kai. Ɗalibin cikakken lokaci na ɗaukar tsakanin yunit 15 da 24. Ke ki ƙirga abin da ke hannunki da gaske: awa ɗaya da rabi bayan sallar asuba, Litinin zuwa Juma'a, bakwai da rabi ke nan, awa biyar ranar Asabar, uku ranar Lahadi. Awa 15 da ɗoriya. Karatun dare bayan an dawo aiki an yi girki an kwantar da yara, kada ki sa shi a lissafi, in ya samu riba ce. Da wannan, mafi ƙarancin yunit da makarantar ta yarda a yi rajista shi za ki ɗauka a zangon farko, ki ga yadda jiki ya ɗauka. Kuma kada ki haɗa kwas biyu masu lissafi a zango ɗaya.

Hutunki na shekara ki raba shi biyu ki ajiye wa makonnin jarrabawa, ki kuma nemi hutun jarrabawa da jadawalin a hannu, ba ranar da za a shiga ba. Ki dubi kalanda ki ga inda azumi zai faɗo. In ya zo daidai da ƙarshen zango, aikin gida da gwaje-gwaje ki gama su kafin a ga wata.

Idan Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, NOUN, kika zaɓa, ki san tsarinta: gwajin intanet da ake kira TMA na da maki 30, jarrabawa 70. 'Yan aji ɗaya da biyu a kwamfuta suke jarrabawa, daga aji uku a koma biro da takarda, kuma a nan ne waɗanda suka saba da zaɓen A, B, C suke faɗuwa, don ba su taɓa rubuta amsa mai shafi biyu ba. TMA ɗin ki yi shi a makon da aka buɗe. A kwanakin ƙarshe kowa na kan shafin, ya yi ta tsayawa, in aka rufe kuma maki 30 sun tafi, sai ki nemi 40 cikin 70 kafin ma ki tsira. Littattafan kwas ɗinsu suna nan kyauta a shafin jami'ar, ki sauke su a waya tun farkon zango saboda ranar da babu wuta ko data. Duk kuɗin da kika biya ta Remita, ki buga rasit ki adana, ki ɗauki hotonsa. Ranar kiliyarans, wato tantance takardu bayan kin gama, za a tambaye ki na aji biyu.

Dakta M.

Malama, tsoron furojet da kike yi, asalinsa wannan kariyoba ta ƙididdiga ce. Kwasa-kwasan nan sarƙa ne: ƙididdiga, sannan dabarun bincike, sannan furojet, kuma a sassa da yawa ba a barin ki ɗauki na gaba sai kin ci na baya. Kwas ɗin zangon farko a zangon farko kawai ake bayar da shi, don haka faɗuwa ɗaya shekara guda ce cur. Ki ba ƙididdiga lokacin asuba, da biro da kalkuleta. Ba a karanta ta kamar tarihi, sai an yi ta da hannu. Abin da ake buƙata a wannan matakin ba shi da yawa: matsakaici, karkacewa daga matsakaici, gwajin t, kai-sukwaya, dangantaka ta Pearson, da sanin me p ke nufi, wato lambar da ake dubawa kafin a ce sakamako ba dace ba ne kawai.

Furojet ɗin kansa babi biyar ne, yawanci yunit 6, wato nauyin kwas biyu, A a cikinsa na ɗaga CGPA sosai. Ga inda ake lalacewa.

Take mai faɗi. "Shaye-shaye a tsakanin matasan Arewa" ba furojet ba ne, aikin hukuma ne. Ki rage shi zuwa abu biyu da za a iya aunawa, a wuri ɗaya, a kan mutanen da za ki iya kai wa gare su: misali alaƙar aikin dare da gajiyar rai a tsakanin ma'aikatan jinya na asibiti guda. Manufofi uku sun isa, tambayoyin bincike uku, kowace na fuskantar manufa ɗaya. Duk tambayar da ke cikin takardar tambayoyinki wadda ba ta amsa ɗaya daga cikin ukun nan, ki cire ta.

Yawan mutane. Za a tambaye ki daga ina kika samo adadin. Hanyar da aka fi bi ita ce ta Taro Yamane: ki ninka yawan jama'ar da 0.05 sau 0.05, ki ƙara 1, ki raba yawan jama'ar da abin da ya fito. In mutum 1,200 ne, 1,200 sau 0.0025 ya ba da 3, a ƙara 1 ya zama 4, a raba 1,200 da 4, mutum 300. Ki ƙara kashi goma saboda takardun da ba za su dawo ba, ki buga 330. Adadin jama'ar kuma dole ya fito daga wata takarda da za ki iya nunawa, rajistar ma'aikata ko ta makaranta, ba ƙiyasi ba.

Ma'auni. Kada ki ƙirƙiri tambayoyin auna damuwa ko ƙimar kai daga kanki alhali akwai waɗanda aka gwada shekara da shekaru, kamar ma'aunin ƙimar kai na Rosenberg mai tambaya 10, ko ma'aunin matsin rai na Cohen, shi ma akwai mai 10. Wasu ma'aunan na kuɗi ne, kamar na Maslach, ki bincika kafin ki sa a babi na uku. Idan mutanenki Hausa suka fi ji, mutum ɗaya ya mayar da tambayoyin Hausa, wani daban da bai ga na asalin ba ya mayar da su Turanci, a kwatanta, a gyara inda ma'ana ta kauce. Sannan ki gwada a kan mutum 20 zuwa 30 waɗanda ba sa cikin ainihin binciken, ki fitar da alfa ta Cronbach, lambar da ke nuna ko tambayoyin suna tafiya tare. Ana son 0.70 zuwa sama.

A nan akwai tarkon da ke kama kusan kowa. A ma'aunin Cohen, tambaya ta 4, 5, 7 da 8 a juye suke: wanda ya zaɓi babban maki a cikinsu yana nufin hankalinsa a kwance yake. Dole a juya makinsu kafin a tara, 0 ya zama 4, 1 ya zama 3, haka har ƙarshe. A na Rosenberg guda biyar ne a juye. In kika manta, alfa za ta faɗo ƙasa warwas, wani lokaci har ta fito da alamar ragi, ki zaci mutanen ne suka cika da wasa.

Shigar da bayanai. Kowace takarda da ta dawo, ki rubuta mata lamba da jan biro a kusurwar sama, 001, 002, har ƙarshe. A kwamfuta, layi ɗaya mutum ɗaya, lambar nan ce farkon layin, don in kika ga wani mai shekara 230 ki san takardar da za ki zaro. Inda mutum bai amsa ba, in kin sa 99, ki gaya wa manhajar lissafin cewa 99 na nufin babu amsa, in ba haka ba, za ta tara shi cikin shekaru, matsakaicin shekarun ma'aikatanki ya tashi ba dalili. A manhajojin lissafin, SPSS aka fi sani, amma jamovi da JASP kyauta ne kuma sun isa duk abin da digirin farko ke so. In ta waya za ki tattara, manhajar KoboToolbox na aiki ko babu sabis, ta tura daga baya.

A kai-sukwaya, ki duba layin da ke ƙarƙashin teburin. In ya nuna fiye da kashi 20 na gidajen suna da adadin da ake tsammani ƙasa da 5, sakamakon ba abin dogaro ba ne, sai ki haɗe rukunoni, misali zawarawa da waɗanda mazansu suka rasu su zama rukuni ɗaya. In manhaja ta nuna p .000, ki rubuta p < .001. Kuma takardar tambayoyi da aka raba sau ɗaya alaƙa kawai take nunawa. Kada ki rubuta cewa aikin dare ne ya haddasa damuwa, ki ce suna tafiya tare.

Izini kuma: takardar gabatarwa daga sashe, amincewar kowane mai amsawa, babu suna a takarda. In asibiti ne, kwamitin ɗa'ar bincike na iya ɗaukar makonni, ki shigar da nema da zarar an amince da babi na uku. Yin bincike a ofishinku na da sauƙi, amma na ƙasa da ke ba za su faɗi gaskiya a kan shugabanni ba in ke ce za ki karɓi takardar hannu da hannu. Ki ajiye kwali a rufe su jefa.

Sufabaiza ki kai masa babi ɗaya-ɗaya, a buge, da kwafin da ya yi wa gyara a baya a haɗe. Madogara ki tara su a manhajar Zotero tun ranar farko, ki rubuta su a tsarin APA bugu na 7. Masu sayar da furojet a bakin makaranta kuwa, ko an tsallake Turnitin, manhajar gano satar rubutu, tambaya ɗaya ce ke tona asiri ranar kare kundi: "Me ya sa kika yi amfani da wannan gwajin ba wancan ba?"

Ɗan Barno

Ni ban yarda a ce ta tsaya kan Sosholoji don kawai ta saba da shi ba. Yaya, ya danganta da inda kike son zuwa. In aikin ƙungiyoyin agaji ne, sa ido da tantance ayyuka, ko walwalar jama'a, Sosholoji ya wadatar, kuma Cibiyar Karatu daga Nesa ta ABU Zariya na bayar da shi. In kula da ma'aikata ne ko lafiyar ƙwaƙwalwa, Saikoloji ya fi kusa, Cibiyar Karatu daga Nesa ta Jami'ar Ibadan na yin sa, sai dai ki lissafa kuɗin mota da masauki lokacin jarrabawa, kuma wasu jami'o'in na neman Bayoloji a sakamakon sakandare. NOUN na da nazarin laifuka da tsaro, da nazarin zaman lafiya da sasanta rikici, duk dangin juna ne.

Abu ɗaya da ya kamata a faɗa ƙarara: digirin farko a Saikoloji ba ya mayar da mutum mai duba marasa lafiya. Masu wannan aikin a asibitocin ƙwaƙwalwa irin na Barnawa a Kaduna, ko Kware, ko Maiduguri, sai da digiri na biyu a ɓangaren asibiti da horo a ƙarƙashin ƙwararru. Digiri na biyu kuma yawanci daraja ta biyu ƙasa ce mafi ƙarancin abin da ake karɓa, mai daraja ta uku sai ya bi ta babbar difloma. Wannan ma dalili ne na bin shawarar Abu Sumayya.

Ko ina za ki, ki duba shafin NUC ki ga abu biyu: an amince wa jami'ar ta yi karatu daga nesa, kuma shi wannan kwas ɗin yana da tantancewa. Jami'a na iya zama halastacciya amma wani kwas nata an hana shi. Duk wanda ya ce zai kawo miki digiri daga Kwatano cikin 'yan watanni, ki tuna a Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Benin da Togo, bayan wani ɗan jarida ya samo digiri a can cikin mako shida.

Maman Ilham

Allah Ya saka da alheri, na fahimta. Saura ɗaya: shekaruna 33. Yaya batun bautar ƙasa, tunda ana tambayar takardarta wajen sauya layi?

Abu Sumayya

Ba za ki je sansani ba, amma takarda dole ki karɓa. Iri biyu ce ga waɗanda ba su yi ba. Wanda ya yi karatun cikakken lokaci ya gama yana sama da shekara 30, takardar yafewa ake ba shi. Wanda ya yi na ƙarshen mako ko daga nesa, takardar cirewa ake ba shi, ko shekarunsa nawa. Ta biyun ce taki, kuma ana karɓarta a wurin aiki da wajen neman digiri na biyu. Ba ta fitowa sai jami'a ta tura sunanki ga hukumar NYSC cikin jerin waɗanda Majalisa ta amince da sakamakonsu, ke kuma ki yi rajista a shafinsu ki buga.

Inda ake maƙalewa shi ne JAMB. Ko karatu daga nesa ne, sai gurbinki ya bayyana a wurinsu da sunan sabuwar jami'ar da sabon kwas ɗin. Tsohuwar lambarki na ɗauke da tsohuwar makaranta, ba za ta yi miki aiki a nan ba. Ki gama wannan a shekarar farko, ki buga takardar gurbin ta JAMB, ki duba sunanki a jerin ɗalibansu. Sannan ki jera takardunki a tebur, WAEC ko NECO, ND, NIN, JAMB da fom ɗin jami'a, ki duba harafi da harafi. In wata ta ce Aisha wata ta ce Aishatu, ko ranar haihuwa ta bambanta, ko kin koma amfani da sunan miji a wurin aiki, ki yi takardar rantsuwa a kotu da sanarwar jarida yanzu, ki kai wa ofishin rajista kafin a buɗe miki fayil. A fom ɗin jami'a ki rubuta sunan daidai yadda yake a sakamakon sakandare, don da shi za a buga shaidar digirin, kuma jami'o'i ba sa son sake bugawa.